Baƙin Mai A Ramin Fulogi: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Yau ba waya za mu buɗe ba, bonet ɗin mota za mu ɗaga.

Idan motarka ta fara karkarwa a silo, kana taka totur tana shaƙewa, wutar cek ta kama a dashbod, ka kai ta gareji aka zaro koyil aka gan shi jiƙe sharkaf da baƙin mai, to ka dakata kafin ka sa hannu a aljihu. Abin da za a fara ce maka shi ne: "Oga, fulogi ne ya mutu, koyil ɗaya ma ya tafi." Gaskiya ne sun mutu ɗin. Amma wa ya kashe su?

Ra'ayina a taƙaice shi ne: yadda ake gyaran wannan matsalar a yawancin garejinmu, daga nan Abakpa har Kurmin Mashi da Kawo, asarar kuɗi ce kawai. Ana canza abin da mai ya lalata, a bar ƙofar da man yake shigowa a buɗe. Kuma ba bakanike kaɗai ke da laifi ba. Kai mai mota, da kake cewa "a lallaɓa min ita kawai", kana da naka kason.

DAGA INA MAN YAKE ZUWA?

Yawancin motocin da ke yawo a Kaduna yanzu, irin su Corolla, Camry, Honda Accord, Sienna da Pontiac Vibe, fuloginsu ba a gefen inji suke ba. A tsakiyar kan inji suke, kowanne a ƙasan wani rami mai zurfi kamar rijiya. Ramin nan yana ratsawa ta cikin murfin saman inji, wanda bakanike ke kira tof-koba. A ƙarƙashin murfin kuwa baƙin mai ne ke ta fantsama yana jiƙa bawul-bawul da sandunan da ke danna su.

Abin da ya raba wannan mai da ramin fulogi roba ce kawai. Akwai doguwar roba da ta zagaye bakin murfin, wato gasket, sannan akwai ƙananan robobi masu kama da zobe a bakin kowane rami. Shekaru suna tafiya, zafin inji yana gasa robar, sai ta bushe ta ƙandare kamar busasshen ganda. Daga nan ta daina riƙewa, mai ya fara tsatsafowa yana gangarawa cikin ramin, yana taruwa a kan fulogi.

Ka tuna yawancin motocinmu Beljiyam ne. Camry ta 2004 ta haura shekara ashirin a duniya. Ka haɗa da zafin watan Maris da Afrilu, da tsayuwar gosulo a titin Ahmadu Bello inji na ta dahuwa ba iska. Roba ba ƙarfe ba ce, dole wata rana ta gaji.

Idan kuwa Golf 3 kake ja mai bawul takwas, fuloginka a gefe suke, ba su da irin wannan zurfin ramin. Naka yoyon za ka gan shi a fili yana gangarowa a jikin inji.

ME YA SA MAN YAKE KASHE KOYIL?

Nan ne abin ya shigo ɓangarenmu na masu harkar lantarki. Aikin koyil shi ne ya karɓi wutar batir mai bolt 12 ya ɗaga ta zuwa dubun-dubatar bolt, domin ta yi tartsatsi a bakin fulogi. Wuta mai wannan ƙarfin kullum hanya mafi sauƙi take nema. Doguwar robar da ke ƙasan koyil, wadda ke rungume fulogi kamar safa, ita ce ke tsare ta kada ta kauce.

Idan robar nan ta daɗe a jiƙe cikin mai mai zafi, sai ta kumbura, ta yi laushi, ta tsage. Wutar sai ta riƙa zillewa ta gefe tana dukan jikin inji, ba ta kai bakin fulogi ba. Silindar ta daina ƙona fetur yadda ya kamata. Shi ne abin da muke cewa mota tana misin.

Mu masu gyaran waya mun san irin wannan sarai. Waya tana da shot a bod, tana zuƙe caji tana zafi, mai ita ya dage batir ne. A sa sabon batir, bayan sati biyu ya dawo ya ce batirin jabu ne. Batir ba shi da laifi, an ɗora shi ne a kan ciwon da ba a warkar ba. Sabon koyil a cikin rami mai yoyo haka yake. Ka saya yau, mai ya sake jiƙa shi, wata uku ko huɗu ka dawo ka sayi wani.

KUƊIN DA KE ZUBEWA BA KA GANI

Wani zai ce to mene ne, ai motar tana tafiya. Tana tafiya, amma da tsada.

Na farko, fetur. Silindar da ba ta ƙonawa ba ta daina shan mai ba ne, zubar da shi take yi ta salansa. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, kowa ya san yadda lita take a jikinsa. Mota mai silinda huɗu da ɗaya ke misin, kana biyan kuɗin ma'aikata huɗu ne uku na aiki.

Na biyu, indomi. Wannan abin da ke cikin salansa mai tace hayaƙi, wanda ɓarayi ke sacewa saboda tsadarsa. Ɗanyen fetur idan ya isa cikinsa a can yake ƙonewa, zafin ya wuce kima, ya narkar da shi ya toshe. Shi ya sa idan ka ga wutar cek tana ƙyaftawa, ba a tsaye take ba, ma'anarta misin ɗin ya kai matakin da zai iya lalata indomi. Ba lokacin kama hanyar Zariya ba ne.

Na uku, tsayuwa a inda ba ka shirya ba. Koyil ɗaya ya mutu kana cikin gari, ka lallaɓa ka isa gida. Biyu su mutu lokaci guda kana tsakiyar hanyar Abuja da yamma, iyali na cikin mota, wannan kuma wata magana ce daban.

Duk wannan a kan robar da, a yawancin motoci, kuɗinta bai kai na saitin koyil huɗu ba ko kusa.

KADA A YI MAKA RINGIN A BANZA

Ga inda ake yi wa mutane babbar illa. An zaro fulogi, an ga mai, sai ka ji an ce: "Inji ya fara shan mai, sai an yi ringin." Kafin ka yarda a farke maka inji, ka duba a ina man yake a jikin fulogin.

Idan man yana sama ne, a kan farin tangaran ɗin da wurin da soket ke kamawa, kuma robar koyil ta jiƙe, to daga sama ya zubo. Robar murfi ce. Ƙaramin aiki.

Idan kuwa ramin a bushe yake, amma bakin fulogin da ke cikin inji ya yi baƙi ya yi danƙo, mota tana fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, kuma baƙin mai yana raguwa kafin lokacin sabis, wannan daga ciki ne. Yana iya zama ringi ko robar bawul.

Amma ga wani tarko. Idan ramin cike yake da mai aka kwance fulogi ba a tsane shi ba, man zai bi zaren fulogin ya jiƙa shi har ƙasa, ya zuba cikin silinda. Sai a nuna maka fulogi jiƙe daga sama har ƙasa a ce ka gani da idonka. A tayar da mota kuma ta yi hayaƙi, a ce ga shaida. Alhali man da aka zuba mata yanzun nan take ƙonawa. Saboda haka a tsane rami tukuna, sannan a kwance fulogi. Kuma duk wanda ya ce ringin, ka ce a fara gwada matsin kowace silinda da geji a gabanka. Gwajin ba ya ɗaukar lokaci.

Ka kuma kula da suna. Gasket ɗin murfi daban, tof gasket daban. Tof gasket shi ne wanda ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, wanda ke ƙonewa idan mota ta yi obahitin. Wancan babban aiki ne. Mai a ramin fulogi bai da alaƙa da shi, kada a haɗe maka su a lissafi.

Wani lokacin ma ba mai ba ne, ruwa ne. Idan misin ɗin ya fara ne bayan an wanke maka inji da ruwan matsi a wurin wankin mota, ka duba da kyau. Ruwa busarwa kawai yake so.

MAGANAR GAM

Gyara na biyu da aka saba shi ne a ɗaga murfi, a bar tsohuwar robar a wurinta, a lafta mata jan gam ko baƙi ta ko'ina, a mayar a ɗaure tamau. Wannan shi ne gyaran gangar auzinawa.

Gam ba ya kama wurin da ke da maiƙo, kuma ba ya mayar da busasshiyar roba sabuwa. Zai riƙe na ɗan lokaci ya saki. Abin da ya fi muni, idan aka ɗaure murfi, rarar gam ɗin da ka ga ta bulbulo waje, irinta ta bulbula ciki. Ta ciki tana gutsurewa ta bi mai zuwa ƙasan inji, ta taru a bakin rariyar da famfon mai ke zuƙa ta ciki. Rariya ta toshe, mai ya daina hawa, inji ya buga. Ka je gyaran roba ka dawo kana cigiyar inji.

Ba wai gam haramun ba ne. Masu ƙera motar da kansu sun ce a ɗiga shi, amma a wurare ƙalilan: kusurwoyin da murfin ke lanƙwasa, da inda ƙarfe biyu suka haɗu ta wajen murfin taimin. Ɗigo kamar ƙwayar wake a kowane wuri. Ba a shafe shi kamar ana shafa bota a burodi.

KOWACE MOTA DA NATA

Kafin ka aika yaro Ori-Apata ko Panteka sayen kaya, ka san irin injinka.

Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai inji 1ZZ, da Camry mai silinda huɗu ta 2002 zuwa 2009 mai inji 2AZ, robar ramukan a haɗe take da gasket ɗin murfi. Abu ɗaya za ka saya.

Honda Accord EOD da DC masu inji K24, zobban ramukan daban suke, ana danna su ne a jikin murfin. Idan aka canza doguwar robar kaɗai aka bar zobban, ba a yi komai ba, yoyon cikin rami yana nan. Ka nemi cikakken saiti.

Sienna, Lexus RX300 da Camry masu silinda shida, murfi biyu gare su. Na gaba a fili yake. Na baya yana ƙarƙashin bututun iskar inji, sai an cire shi kafin a kai gare shi. Kuɗin aikin ya fi yawa, kuma da gaskiyar bakanike idan ya caje ka sama da na Corolla. Tunda an buɗe, a canza fulogin baya gaba ɗaya a huta.

Nissan masu inji VQ35, irin su Murano, murfin na roba ne mai tauri kuma zobban a manne suke a cikinsa daga kamfani. Gyaran da kamfanin ya tanada shi ne canza murfin ɗungurungum.

Tsohuwar Camry ta 1997 zuwa 2001 mai inji 5S, manyan notuna huɗu masu lamba 30 ne ke riƙe murfin a kan ramukan, robobin suna ƙarƙashinsu.

YADDA AIKIN YA KAMATA YA KASANCE

Ko ba kai za ka yi da hannunka ba, ka san matakan domin ka tsaya a kai.

1. A bar inji ya huce, a cire kan batir na baƙar waya. Idan rediyon motarka mai neman lambar sirri ne, kamar na wasu Honda, ka tabbata kana da lambar tukuna.

2. Ka ɗauki hoton saman injin da wayarka kafin a taɓa komai. Kowane tiyo da soket za ka san inda yake. A sa wa koyil lamba 1 zuwa 4.

3. A zuƙe man da ke cikin ramuka. Babban sirinji da siririn tiyo sun isa, sannan a bi da tsumma mai tsabta a naɗe a jikin dogon sukundireba.

4. A goge ƙura da yashin da ke kewayen murfi kafin a ɗaga shi. Idan lokacin hunturu ne, a rufe buɗaɗɗen injin da leda ko ƙyalle mai tsabta. Yashi da cikin inji ba sa ga maciji.

5. Idan murfin ya kama, a bubbuga shi a hankali da katako ko gudumar roba. Kada a cusa sukundireba a ɓanɓare. Kan injin alminiyam ne, idan ya karce ko sabuwar roba ba za ta riƙe ba.

6. A cire tsohuwar roba da duk wani tsohon gam, a goge wurin ya bushe tas ba maiƙo.

7. A sa sabuwar roba, zobban su fuskanci inda tsofaffin suka fuskanta. A ɗiga gam a kusurwoyi kawai.

8. A ɗaure notuna daga tsakiya zuwa waje, ana tsallakawa, kaɗan-kaɗan zagaye biyu ko uku. Waɗannan ƙananan notuna ne, a irin Corolla da Accord ƙarfinsu bai wuce Nm 9 zuwa 12 ba. Ƙara ɗauri ba ya tsayar da yoyo, murƙushe robar yake yi, ko ya karya notin a ciki.

9. A duba bawul ɗin numfashin inji, wanda ake kira PCV, ɗan ƙaramin abu ne da tiyo a bakinsa, a yawancin motocin nan a jikin murfin yake. Idan ya toshe, iska tana taruwa a cikin inji ta riƙa turo mai ta kowace kafa, har sabuwar robar. A irin na Toyota, ka girgiza shi, mai lafiya yana ƙara kamar caki. Idan shiru ne, a wanke ko a canza.

10. Sai yanzu a zo kan fulogi da koyil. Robar koyil da ba ta kumbura ba, ba ta tsage ba, a goge ta a mayar. Idan ka ga siririn baƙin layi a jikin farin tangaran ɗin fulogi kamar an ja da fensir, hanyar da wuta ta riƙa bi ce. A canza fulogin da robar tare, domin idan aka bar ɗaya zai sake koya wa sabon hanya.

Bayan an tayar da mota, ɗan hayaƙi na 'yan mintuna ba komai ba ne. Bayan sati guda ka zaro koyil ka haska tocin wayarka cikin ramin. Idan a bushe yake, aiki ya yi.

WAYARKA ZA TA IYA GAYA MAKA GASKIYA

Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket ɗin OBD2 mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Akwai 'yar na'ura mai suna ELM327 da ake sokawa a nan, ta haɗu da wayarka ta Bluetooth. Ka sauke manhaja irin Torque ko Car Scanner, ka karanta abin da kwamfutar motar ke cewa.

P0301 na nufin silinda ta 1 ke misin, P0302 ta 2, haka har P0304. P0300 na nufin misin ɗin ba wuri ɗaya yake ba.

Ga dabarar da za ta hana ka sayen koyil huɗu alhali ɗaya ne ya mutu. A ce ka ga P0302. Ka musanya koyil na 2 da na 3, ka goge lambar, ka ɗan zaga. Idan ta dawo P0303, ciwon ya bi koyil, shi za ka canza. Idan ta tsaya a P0302, koyil ɗin lafiyarsa ƙalau, a duba fulogi ko injekta.

AMMA FA A YI WA BAKANIKE ADALCI

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja. Bakanike ya ce a sayo gasket, mai mota ya ce ba kuɗi, a sa gam. Ya ce a bar motar ta huce, mai mota ya ce sauri yake yi, zai ɗauko yara a makaranta. Idan ya dage, an tafi garejin gaba inda za a yi abin da ake so. Mutumin da ke neman na cefane, sau nawa zai kori kwastoma saboda gaskiya?

Akwai kuma matsalar kaya. Wani sabon gasket ɗin a kwali yake da sunan kamfani, amma robar ba ta jure zafi, wata biyu ta ƙandare. Bakaniken da ya taɓa sa irin wannan ya ji kunya, shi ya sa yake ƙara gam don kare kansa. Na fahimci wannan. Amma maganin jabun roba shi ne neman mai kyau. Ka sayi kaya wurin wanda zai yarda ka dawo masa da shi, ka lanƙwasa robar a hannunka ka ji tana da laushi tana komawa daidai, ka gwada ta a jikin murfin kafin a sa. Kuma kada ka sayi gasket Beljiyam. Ƙarfe na hannu yana iya fin sabo, amma tsohuwar roba ta riga ta sha irin zafin da taka ta sha. Araha ba ta ado.

Idan da gaske ba kuɗi a wannan watan, akwai lallaɓawa mai hankali. A zuƙe man ramin, a goge robar koyil, ka riƙa dubawa duk sati biyu tare da gejin baƙin mai, har ka haɗa kuɗin. Wannan ba ya ɓata komai. Wanda ke ɓatawa shi ne ka kashe kuɗin gasket sau uku a kan koyil kana cewa ba ka da kuɗin gasket.

Saboda haka gobe da safe, kafin ka tayar da mota, ka ɗaga bonet. Noti ɗaya ne mai lamba 10 ke riƙe koyil a yawancin motocin nan. Ka kwance, ka zaro, ka haska. Idan ka ga mai, ka je gareji da maganarka a baki: "Malam, gasket ɗin murfi da robar ramin fulogi nake so a canza, a duba PCV, sannan mu ga abin da ya rage." Bakaniken kirki zai ji daɗin ya samu wanda ya san abin da yake so. Wanda ya ɓata rai don ka yi tambaya kuwa, gareji ba ɗaya ba ne a Kaduna.